Kwaya Ta Turawa Da Ƙwaya Ta Hausawa



Magana ce kan wata kalma ta Turanci da yaranmu ke kawo mana gida daga makarantun nan na Kudu. Yaro zai dawo ya ce an sa shi cikin "kwaya", uba ya ɗauko bulala, wai ɗansa ya fara shan ƙwaya. To, ba ita ba ce. Kalmar ana rubuta ta choir, a faɗe ta kwaya, ma'anarta kuwa ƙungiyar mawaƙa masu rera waƙa tare, galibi a coci ko a makaranta. Sukan kasa murya kashi 4, daga mafi siriri zuwa mafi kauri. Gefen cocin da suke tsayawa ma sunansa ke nan.

Asalinta ba Turanci ba ne. Daga Girkanci ta fito, khoros, wato taron masu rawa da waƙa a wasan kwaikwayon birnin Atina, wajen shekara 2,500 da suka wuce. Mutum 12 ne, daga baya 15, suna amsa wa 'yan wasa, kamar dai 'yan amshinmu. Rumawa suka ara suka ce chorus, Faransawa suka karɓa, daga nan ta shiga Ingila ana rubuta ta quer, sannan quire. Sai a ƙarni na 17 masu ilmi suka gyara rubutun don ya yi kama da na Latin da Faransanci, amma bakin jama'a ya ƙi bi. Shi ya sa rubutu ya yi gabas, lafazi ya yi yamma. Mu da muka koyi Larabci, inda harafi da wasali ke faɗa maka abin da za ka karanta, wannan abin dariya ne.

Masu sayar da takarda kuma su lura: akwai wata quire, lafazinsu ɗaya amma ba dangi ba ne. Ita falle 25 ce, 20 ɗinta su ne rim na falle 500.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. In yaro ya ce an sa shi a kwaya, kada mu yi faɗa, kada kuma mu yi shiru. Mu je makarantar da ƙafarmu mu tambayi hedimasta me ake rerawa. In taken ƙasa ne ko waƙar makaranta, ba ta da bambanci da yadda 'yan Islamiyyarmu ke jeruwa ranar Maulidi. In kuwa waƙoƙin ibadar coci ne, mu gaya masa cikin mutunci cewa ɗanmu Musulmi ne, a cire shi. Muna roƙon kwamitin ilmi ya ware mutum 2 masu jin Turanci da Yarbanci, su riƙa raka iyayen da ba su ji.