Shugaba da Ma'aikacinsa: Abin Lura daga Birnin Kudu da Gwaram



Tambayar da zan ɗora wannan lacca a kanta ita ce: me ke sa ma'aikaci ya yi aiki tsakaninsa da Allah? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka in mun ga akawu ya yi sakaci, ko malami ya ƙaurace wa aji, wajibi ne mu binciki dalili kafin mu yanke hukunci.

Ƙasar nan ta gwada magani iri biyu. Na farko kuɗi. A 1974 Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta, wanda ya ƙunshi ƙarin albashi da kuma shawarwarin gyara tsarin aiki. Aka biya kuɗin har da na watannin baya, amma gyaran bai sami irin wannan kulawa ba. Farashin kaya ya tashi, aiki kuwa yana nan yadda yake. Na biyu tsoro. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Lalle an kawar da miyagu, amma an haɗa da waɗanda ba a saurari uzurinsu ba, har waɗanda suka tsira suka koyi cewa kujera ba ta da tabbas. Mai jin tsoron gobe kuwa, tanadin kansa zai sa gaba.

To, ina maganin yake? Mu koma gona. Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram ya san ba a biyan kowa lada, ba a kuma korar kowa, amma ana nome gona kafin la'asar. Dalili shi ne sarkin noma shi ke fara kama kunya, fura tana zuwa a kan kari, makaɗi kuma yana kiran sunan wanda ya yi fice. Watau abu uku ne suka haɗu: shugaba yana wurin, hakki yana fita, ana kuma yaba wa mai himma.

Mu auna ofisoshinmu da wannan mudu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, duk manufarsu ita ce a kusanto da hukuma ga talaka. Amma kusancin gini ba shi ne kusancin shugaba ba. Alal misali, in aka tura malami wata makarantar ƙauye a Gwaram, can kan iyakar Bauci, shekara ta zagayo mai duba makarantu bai leƙa shi ba, ƙarin girma kuma ya tafi ga mai uwa a gindin murhu, wa zai zarge shi in gwiwarsa ta yi sanyi? Asarar kuwa a kan yaran da ke zaune a ajinsa take faɗawa.

Ɗalibai, gobe ku ne shugabanni. Ku riga na ƙasa da ku isowa wurin aiki, ku san su da sunayensu, ku yi yabo a bainar jama'a, gyara kuwa a keɓe, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.