Abin da Na Ci da Abin da Na Gani a Alƙahira: Jawabin Ɗaya Daga Cikin Ɗalibanmu a Taron Shekara



Da sakatare ya nemi in yi magana a kan zamana na karatu a ƙasar Masar daga 2018 zuwa 2023, na ɗauka batun jarrabawa da takardar shaida zan yi. To amma tun da na dawo, babu wanda ya tare ni da wannan tambaya. Iyaye mata abin da suke tambaya shi ne, "Me kake ci a can?" Iyaye maza kuwa, "Ka ga kabarin Fir'auna?" Saboda haka tambayoyin nan biyu zan amsa, domin a cikinsu akwai darasin da ban same shi a aji ba.

Zan fara da faɗin laifina. Na sauka a Alƙahira da jaka biyu, ɗaya ta tufafi da littattafai, ɗaya kuma mahaifiyata ta cika ta da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji. Wata uku cur ban saka abincin Misirawa a bakina ba. Daga aji sai ɗaki, hira kuma sai da 'yan gida. Larabcin littafi ina da shi daidai gwargwado, amma idan mai shago ya yi mini magana sai in tsaya ina kallonsa. Ranar da kukar ta ƙare, yunwa ce ta fitar da ni bakin titi, kuma daga ranar ne na fara sanin garin.

Abin da na fara ci shi ne ful, wato wani wake mai faɗi da ake dafawa dare guda a kan wuta kaɗan-kaɗan, cikin wata babbar tukunya mai ƙaramin baki. Da safe sai mai amalanke ya ɗebo, ya zuba mai da gishiri da lemun tsami, a ci a tsaye da gurasa. Kusa da shi akwai mai ta'amiyya, wadda in ba don korenta ba da sai ku rantse ƙosai ne: wake ne ake niƙawa da ganyaye a soya. A gaban amalanken nan na ga ma'aikacin ofis da ɗan dako da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa, babu mai jin kunyar abin da yake ci. A nan kuma na koyi Larabcin kasuwa, domin mai ful ba ya barin baƙo ya ci shiru.

Da rana akwai koshari: shinkafa da makaroni da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa, a yayyafa ruwan tafarnuwa da barkono. Shi ne abincin ɗalibi, ga arha ga riƙe ciki. Ita kuwa gurasar, Misirawa suna kiranta aish, kalmar da asalin ma'anarta rayuwa ce, kuma ba wasa suke yi ba. A watan Janairu na 1977, da gwamnati ta yi yunƙurin janye tallafin kayan abinci, jama'a suka cika tituna har sai da aka janye matakin. Gurasar tallafi ta zauna a kan kirshi 5 fiye da shekara 30, sai a 2024 aka mayar da ita kirshi 20. Kirshi 100 ne fam ɗaya na Masar. Wanda bai san wannan ba, bai fahimci siyasar ƙasar ba, ko da ya haddace littattafai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda na riƙa cin karo da abincin gida cikin baƙin suna. Wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu, mahaifiyarsa ta kawo wata koriyar miya mai yauƙi da suke kira mulukiyya. Ina ɗanɗanawa na ce lalo ne! Lalon da ke fitowa a bayan gidajenmu da damina, wanda wasunmu da suka zauna birni suke ganin abincin ƙauye ne, shi ake kawo wa baƙo mai daraja a can, da tafarnuwa da kaza da shinkafa. Haka zoɓo, wanda suke kira karkade, ana sayar da shi a manyan otal, da zafi ko da sanyi.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Wata rana ina dafa miya da daddawa, sai maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a ɗakin. Na ji haushi ƙwarai. Bayan 'yan watanni, a ranar bikinsu na bazara da ake kira Shammun Nasim, shi ɗin dai ya kawo mini fasikh, wani kifi da ake barinsa ya tsumu cikin gishiri. Da ya buɗe, sai da na nemi taga. Muka dubi juna muka fashe da dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga ranar ya zama aminina.

Yanzu batun gani. Ranar da na je Giza, na yarda gani ya kori ji. Babbar dalar da aka gina wa Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun haura miliyan 2. Mutum yana tsaye a gindinta, dutse ɗaya ya kai masa ƙirji. A can ma na biya kuɗin rashin sani: wani mai raƙumi ya ɗora ni a kan farashi kaɗan, da muka yi nisa sai ya ce kuɗin hawa na biya, na sauka daban ne. Ga ƙannena masu shirin tafiya, ku gama ciniki kafin ku ɗaga ƙafa, kuma ku riƙe katin makaranta, domin a yawancin wuraren tarihi ana yi wa ɗalibi ragi mai yawa.

A watan Afrilu na 2021 ina garin aka ɗauke gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 na zamanin Fir'aunoni daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa wani sabo a Fusɗaɗ, cikin jerin gwano irin na hawan sarauta. Daga baya na je na gan su da idona, har da Ramses na Biyu. Na fito jikina a sanyaye.

Sai dai wurin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne, kuma baƙi ba su cika zuwa ba. A tsibirin Rauda akwai wata rijiya da aka gina a shekarar 861, da ginshiƙi a tsakiyarta mai zanen kamu-kamu, wadda ake auna cikar Kogin Nilu da ita. Idan ruwa ya kai kamu 16, an san za a yi albarka. Idan ya gaza, hukuma ta san yunwa na tafe, kuma da wannan awo ake daidaita harajin manoma. Ni ɗan manomi, na daɗe a wurin ina tunanin mutanen da suka riƙa rubuta lissafin ruwansu shekara da shekaru.

A tsohon birni kuma na tarar da sawun mutanenmu. A masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, an taɓa keɓe wa ɗaliban Barno masauki nasu na kansu. Sarkin Mali Mansa Musa ya yada zango a Alƙahira a 1324 a kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji. Ashe ba mu ne farkon waɗanda suka tako daga wannan yanki suka sha ruwan Nilu ba. Sanin haka ya rage mini jin baƙunta fiye da duk wata wasiƙa daga gida.

Iyayena, ga abin da nake son in bari a hannunku. Da yawanku kuna da 'ya'ya a Masar ko Sudan ko Indiya ko Malesiya, wasu kuma ƙungiyar nan ce take tallafa musu. Na san ɗaliban da suka shekara biyar a Alƙahira ba su taɓa taka Giza ba, alhali tafiyar ba ta kai daga nan zuwa kasuwar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ba. Sun dawo da takarda, amma ba su san mutanen da suka zauna da su ba. Wani tsoro ne ya hana shi, wani rashin kuɗi, wani kuma gargaɗin da aka yi masa a gida cewa kada ya kuskura ya fita yawo. Gargaɗin yana da dalili, kuma ban ce a saki yaro sakaka ba. Roƙona shi ne, idan za ku aika da kuɗin makaranta, ku ɗora ɗan abin da zai shiga mota ya je ya ga wuri. Idan kun kira shi, bayan kun tambayi karatu, ku tambaye shi abin da ya ci da inda ya je da wanda ya saba da shi cikin 'yan ƙasa.

Ni dai da kukar mahaifiyata ba ta ƙare ba, da na dawo kamar yadda na tafi. Yanzu kuwa ko lalo aka kawo mini, da girmamawa nake cin sa.