Mu huɗu da jakar goyo: daga Legas har Salaga ta mota

 Tun da na sa hoton nan nawa a kan gadar igiya, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu na tambayar nawa muka kashe, wasu wai wace ƙungiya ce ta ɗauki nauyinmu. Babu wanda ya ɗauki nauyinmu. Mu huɗu ne, abokai tun bautar ƙasa, muka yi adashe na wata takwas, kowa ya goya jakarsa, muka tafi Ghana ta mota a ƙarshen watan Nuwamba. Kwana 16 muka yi.

Ba zan kama sunan kowa ba, da laƙabi zan kira su. Akwai Ma'aji, shi ke riƙe da kuɗin tafiya da ɗan littafin lissafi. Akwai Likita, wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Sai Dogo, wanda muka ce kowa ya zo da jakar goyo, shi kuwa ya bayyana a tasha da Ghana Must Go. Ku riƙe jakar nan, za ta dawo.

To, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Ghana. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ka damar shiga ƙasar da ke cikin ƙungiyar ka yi kwana 90. Fasfo kawai ake so, da katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin zazzaɓin shawara. Haka yake a takarda. Daga Legas zuwa Accra kusan kamar Kano zuwa Abuja ne da ɗan ɗoriya, amma iyaka uku za ka tsallaka: Seme ka shiga Benin, ka wuce Kwatano, ka shiga Togo, ka ratsa Lome, sai Aflao ka faɗa Ghana. Kuɗi ma uku ne a aljihunka, naira da sefa da sidi. Mun tashi bayan asuba, ba mu sauka ba sai da aka yi isha'i da daɗewa.

Abin da ya cinye mana ranar, a wani shinge ne a hanya. Wani jami'i ya juya katin Dogo ya ce hatimin bai fito sosai ba, mu "yi wani abu". Ma'aji ya ce to, babu laifi, za mu biya, amma a ba mu rasit. Kai, sai ka ce ya zagi uwarsa. Aka ce mu koma gefe. Direba ya jira minti ashirin, fasinjoji suka fara masifa, ya sauke mana jakunkuna ya yi gaba. Sai da muka kusa awa biyu a rana kafin aka miƙo mana fasfo, ba mu ba da ko sisi ba. Amma fa kuɗin sabuwar motar da muka shiga ya ninka abin da aka nema sau uku. Har yau Dogo da Ma'aji ba su gama wannan musun ba. Ni ina bayan Ma'aji. Amma na ga wata mata mai ɗauke da kwandon tumatir ta miƙa nata ba tare da an tambaye ta ba, ko kallon mutumin ba ta yi ba, kuma ba zan iya cewa ta yi laifi ba. Mu yawon buɗe ido muke, muna da awa biyun da za mu ɓata. Ita tumatir ɗinta ba zai jira ba.

A Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, a Nima muka sauka. Jama'a, ka shiga Nima sai ka rantse wani lungu ne a Fagge, illa dai iska mai gishiri. Hausa ake yi a kasuwa, a masallaci, a wajen mai shayi. Sai dai Hausar tasu ba ruwanta da mace ko namiji, "yarinya ya zo", "mata na ya tafi kasuwa". Likita ya so ya fara gyara wa wani yaro, muka taka masa ƙafa. Da safe koko da ƙosai, kuma sunansa ke nan a duk Ghana, "Hausa koko". Abincin da suke alfahari da shi, waakye, ai shinkafa da wake ne, sunan ma daga wake ya fito, amma suna dafa shi da karan dafi ya yi ja, su zuba masa wani baƙin yaji da suke kira shito. Dogo ya zuba cokali uku, ya yi hawaye a gaban mata. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mun leƙa kabarin Kwame Nkrumah, muka kama hanyar yamma a torotoro. Torotoro ita ce ƙaramar bas ɗinsu, ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta taɓa cika a idon ɗan kwandasta.

Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina gidan a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Fari ne tas daga waje, ga kwale-kwalen masunta masu launi a gindinsa, wuri ne mai kyau wallahi, har ka ji kunyar cewa yana da kyau. A ciki mai zagayawa da mu ya shigar da mu ɗakin da ake tara bayi, ya turo ƙofa, ya ce mu yi shiru. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji numfashina na sarƙewa. A gidan Cape Coast kuwa, coci ne aka yi a saman kurkukun maza, ana ibada a sama, mutane na mutuwa a ƙasa. Mun fito muna ta tsine wa Turawa. Ku riƙe wannan ma.

Hoton da kuka gani a dajin Kakum ne, ba nisa da Cape Coast. Gada bakwai ce ta igiya da katako, an ɗaɗɗaure ta daga wata babbar bishiya zuwa wata, tsawonta ya haura mita 300, kuma a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30. Faɗin katakon, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Muna kan gada ta huɗu hadari ya haɗo, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ɗan Sahel bai san ruwa ba sai ya ga na kurmi. Ma'aji, mutumin da ya tsaya wa jami'i awa biyu ko gezau, ya durƙusa a tsakiyar gada yana karanto duk addu'ar da ya sani, ya ce shi nan zai kwana. Wasu 'yan makaranta mata ne a bayanmu suka yi ta lallashinsa har ya miƙe. Jakunkunanmu na goyo da muka bari a ƙasa suka jiƙe har littafin lissafi. Kayan Dogo kaɗai ne suka tsira, don Ghana Must Go ba ta shan ruwa.

A Kumasi jakar ta jawo mana magana. Mun sha yawo a kasuwar Kejetia, muka tafi zango neman masauki, wani dattijo a ƙofar masallaci ya kalli jakar ya yi murmushi ya ce, "Samari, daga Najeriya ko? Kun san me ya sa kuke kiranta haka?" Muka ce mun sani Baba, a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kwashe kayansu a irin wannan jakar. Ya ce, "To kun san 1969?" Shiru. A shekarar ne gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, kuma da yawansu 'yan Najeriya ne da 'yan Nijar, wasu a nan aka haife su. Ya ce yana yaro lokacin, mahaifinsa ya hau babbar mota da 'yan'uwansa biyu, shi aka bar shi wajen uwarsa. Bai sake ganin mahaifin ba. Ya tambaye mu wata unguwa a cikin birnin Kano, ko har yanzu ana rini a can. Bai taɓa zuwa ba, a bakin uban ya ji sunanta. Ranar a gidansa muka ci tuwo, ya hana mu kama ɗaki, muka kwana a zaure.

Shi ne ya ce in dai tarihi muke nema, mu je Salaga. Daga Kumasi za ka bi Mampong, Ejura, Atebubu, ka kai Yeji a bakin tafkin Volta, ka shiga jirgin fito zuwa Makango. Torotoro ɗinmu ta mutu sau biyu, ta biyun mu muka tura ta. Muna isa Yeji muna hango jirgin ya riga ya yi nisa a ruwa. Ɗakin da muka samu ba raga, sauron bakin ruwa kuwa sai da ya yi walima.

Duk wanda ya taɓa jin kaka na cewa "fataucin Gwanja", to Salaga ake nufi. Nan ayarin Hausawa ke zuwa da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da kayan fata, su sayi goron da ake kawowa daga kurmin Asante, tafiyar watanni. Alhassan Ɗantata ma da fataucin goro daga wannan ƙasar ya fara, kafin gyaɗa. Alhaji Umaru, malamin nan marubucin waƙoƙi da aka haifa a Kano, a garin ya zauna har yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwa, ya koma Kete-Krachi. Muna ta jin daɗi, muna cewa ka ga aikin kakanni. Sai yaron da ke zagayawa da mu ya kai mu wajen wasu tsofaffin rijiyoyi a bayan gari, ya ce nan ake wanke bayi a shafa musu man kaɗe kafin a kai su kasuwa. Na ce ya sunan wurin? Ya ce Wankan Bawa.

Da Hausa, jama'a. Ba da Turanci ba, ba da Fotugis ba. Kwana biyar da suka wuce muna Elmina muna tsinuwa, ga shi nan harshenmu ne ya raɗa wa wurin suna, don da shi ake ciniki a kasuwar. Dogo ya ce ai bautar wancan lokacin daban ce, ba irin ta Turawa ba ce. Likita ya ce masa, je ka faɗa wa wanda aka wanke. Ni abin da ya tsaya min shi ne, na yi firamare, na yi sakandare, na yi digiri, an koya min cinikin bayi na teku har da zanen jirgi, amma ba wanda ya taɓa ce min akwai wannan rijiyar.

A daren ne zazzaɓi ya kama Dogo, jiki zafi rau, yana rawar sanyi a garin da mu muke neman fanka. Likita ya ce ba sauron Yeji ba ne, maleriya kan ɗauki aƙalla mako kafin ta nuna, tun Accra ya kwaso ta. Yana da abin gwaji a jakarsa, ya ɗiga jini, layi biyu suka fito. Ya hana a ba shi maganin kan tebur, da gari ya waye muka ɗauki mota zuwa Tamale, aka sa masa ruwa, aka yi masa allurai. Kwana biyu. Kuɗin asibiti da na ɗaki suka cinye abin da muka ware na komawa, kuma katin bankin biyu daga cikinmu ya ƙi aiki. A ƙofar asibitin nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun da muka san juna. Ma'aji ya buɗe littafinsa da ya cukurkuɗe da ruwan Kakum ya ce lissafi ya ce gida. Likita ya ce kada wanda ya kira iyayen Dogo ya ɗaga musu hankali, ni na ce haƙƙinsu ne su sani. Aka faɗi maganganu, har da gorin wanda ya yi jinkirin zubin adashe. Daga baya Dogo da kansa ya kira mahaifiyarsa, ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta haɗa mu da wani ɗan'uwansu mai sayar da shanu a Kumasi. Aka ba shi naira a Kano ta hannun ƙaninsa, shi ya turo mana sidi ta waya. Cikin awa ɗaya aka gama, ba takarda ba sa hannu.

Da Dogo ya fara cin abinci, shi ya dage sai mun ga giwa. Muka tafi Larabanga, inda tsohon masallacin nan na ƙasa yake, fari da itatuwa a jikinsa, mutanen garin na cewa tun 1421 yake. Ƙofarsa sai ka sunkuya. Daga nan dajin Mole 'yan kilomitoci ne, shi ne gandun daji mafi girma a Ghana. Da sassafe ake fita a ƙafa, mai gadin daji na gaba da bindiga. Muka bar Dogo a masauki yana hutawa da burodi da gwangwanin kifi. Mun ga giwaye uku a bakin tafki suna watsa wa kansu taɓo, kusa har muna jin ƙugin cikinsu. Da muka dawo, Dogo na tsaye a ƙofa da takalmi ɗaya a hannu. Goggon biri ya shigo ya ɗauke burodin, ya zauna a kan katanga yana ci yana kallonsa. Giwar kuwa ya gan ta daga baranda, ba tare da ya taka ko'ina ba.

Mun so mu dawo ta hanyar fatake, wato Yendi, Sansanne Mango, Djougou, Nikki, a tsallake Kwara ta wajen Yawuri a nufi Kano. Duk wanda muka tambaya a Tamale ya ce kada mu soma, arewacin Togo da na Benin yanzu akwai 'yan bindiga. Dole muka sake gangarawa Accra, muka sake bin iyakokin nan uku, Ma'aji na gaba da fasfo huɗu a hannu.

Masu tambayar lissafin kuɗi, Ma'aji ya yi alkawarin zai zo mako mai zuwa da littafinsa, shafukan da ake iya karantawa dai. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.