Jawabi Ga Masu Kiwon Tumaki A Ƙofar 'Yandaka, Katsina



Gidaje da yawa a Ƙofar 'Yandaka suna da turke. Tunkiya ita ce asusun uwargida, rago kuwa kuɗin Sallah ne. Amma akwai cuta guda da kan share garke cikin mako biyu. Likitocin dabbobi suna kiran ta PPR, wato annobar awaki da tumaki. An fara gano ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942.

Sau da yawa mai kiwo shi ke kawo ta gida da kuɗinsa. Ya je kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa, ya ga rago mai kyau da araha, ya saya. Yana isowa sai ya ɗaure shi cikin sauran. Ragon lafiya lau a ido, alhali cutar tana jikinsa, domin takan yi kwana huɗu zuwa shida kafin ta fito fili.

Alamunta su ne zazzaɓi da ƙin cin abinci. Majina da kwantsa su rufe hanci da ido. Baki ya yi gyambo yana wari. Daga nan sai zawo da tari. 'Yan raguna su ke fara mutuwa.

Don haka sabuwar dabba a ware ta mako uku, da nata kwanon ruwa da na dusa. Wadda ta kamu ita ma a ware ta, a kira malamin dabbobi. Wasu sukan fasa kafso su ɗura mata. Wannan ɓarnar kuɗi ce, kafso ba ya kashe ƙwayar wannan cuta. Kai ta kasuwa da sauri kuwa zalunci ne, an ɗora wa wani asara ke nan.

Rigakafi shi ne mafita. Ana yin allurar a Vom, kusa da Jos. Allura ɗaya takan kare dabba shekara uku ko fiye. Da rigakafi aka kawar da bushiya daga duniya a 2011, kuma tun 2015 ƙasashe suka ƙudura kawar da wannan annoba kafin ƙarshen 2030.

Maƙwabta su haɗa tumakinsu wuri guda, su nemi ofishin kula da lafiyar dabbobi ya turo mai allura. A yi wa masu lafiya kaɗai, 'yan wata uku zuwa sama.