Ƙuri'ar mai gida: abin da ya faru a garin Derry

An ce in yi magana kan yaƙe-yaƙen addini da kuma gwagwarmayar neman ƴancin zaɓe. Ni dai wuri ɗaya zan kai ku, inda abubuwan biyu suka cuɗe: Ayilan ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya. Can aka yi shekara kusan 30 ana zubar da jini, aka rasa rayuka fiye da 3,500. In ka tambayi mutane, sai su ce ai faɗan Katolika da Furotesta ne. Haka ni ma na ɗauka da farko.

To amma ku dubi garin Derry kafin 1968. Katolika ne suka fi yawa a garin, amma a majalisar gari kujera 8 ke gare su, ɗaya ɓangaren na da 12. Ta yaya? An yanka garin mazaɓa uku, aka cusa yawancin Katolika cikin guda ɗaya. Ba a nan abin ya tsaya ba. A zaɓen majalisar gari, sai wanda gida ke da sunansa, nasa ne ko haya, shi da matarsa, ke jefa ƙuri'a. Saurayi kamar ku, da ke zaune gidan mahaifinsa, ba shi da ita. Kamfani kuwa yana iya samun ƙarin ƙuri'u.

Nan nake so ku buɗe kunne. Majalisar gari ita ke rabon gidajen gwamnati. Wanda ka ba gida, ka ba shi ƙuri'a. Kun ga ke nan me ya sa iyalai suka yi shekaru suna jira, cunkushe cikin ɗaki ɗaya ko biyu. Dokar ta taɓa talakawan Furotesta ma, wannan gaskiya ne, sai dai ta fi cizon Katolika. Abin mamaki, mu nan Nijar tun 1956, muna ƙarƙashin Faransa, doka ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, alhali wani saurayi a Turai bai isa ya zaɓi kansilan unguwarsu ba.

Matasan da suka fito ba wa'azi suka fito yi ba. Gida suke nema, da aiki, da ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum, suna koyi da baƙaƙen fatar Amurka. Ranar 5 ga Oktoba 1968 suka yi maci a Derry, ƴan sanda suka far musu da kulake, duniya ta gani a talabijin. A 1969 gwamnati ta yarda da gyaran dokar zaɓen, amma a ganina ta makara. A watan Agusta na wannan shekara unguwanni sun kama da wuta, an turo sojan Birtaniya, masu bindiga na ɓangarorin biyu sun samu ƙofa. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojoji suka harbe mutum 13 a wani macin a Derry ɗin nan. Daga nan samari da yawa suka daina sauraron masu cewa a bi a hankali, irin su John Hume, suka shiga ƙungiyar IRA.

Ban ce addini ba ya ciki ba. Shi ne ke nuna unguwar da za ka zauna, da makarantar da ɗanka zai shiga, da wanda za ka aura. Amma ba a kan yadda ake ibada aka yi ta kashe juna ba. Mulki ne, da tambayar ko yankin zai zauna da Birtaniya ko ya haɗe da sauran Ayilan.

Sai 1998 aka sa hannu kan yarjejeniya a Belfast, aka kai ta gaban jama'a, kashi 71 cikin 100 suka amince. Ta tilasta ɓangarorin biyu su yi mulki tare. A 2007 Ian Paisley, malamin coci mai zafin ra'ayi, da Martin McGuinness, tsohon jigon IRA ɗan Derry, suka jagoranci gwamnati ɗaya. Har yanzu akwai katangu tsakanin wasu unguwannin Belfast, ana rufe ƙofofinsu da dare.