Kafin Ka Sauya Jirgin Shaƙatawa

A tashar jiragen ruwa ta Miami da ke Amurka, kamfanonin yawon shaƙatawa sai zawarcin fasinjojin juna suke yi. Carnival ya yi suna wajen araha da shagali. Royal Caribbean kuwa girma yake sayarwa: jirginsa Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya kwasar fasinja sama da 7,000. A Norwegian, ka ci abinci lokacin da ka ga dama.

Amma kada kuɗin da ke jikin talla ya ruɗe ka. Intanet, lemon kwalba da tukuicin ma'aikata na kullum galibi daban ake biyansu, kuma gatan tsohon kwastoma ba ko'ina yake binka ba, ko da yake kamfanin MSC kan amince da shi. Ka haɗa lissafin duka tukuna, sannan ka sauya.