Ƙarin Ɗaki a Gida: Yadda Za a Yi da Wutar Lantarki Lokacin Gini

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da membobi daga Wurno, Rabah da Goronyo

 Maganar da aka ɗora mana yau ta gini ce da wutar lantarki.

Da zarar an sayar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuɗi ya ɗan shigo hannu, abin da yawancinmu ke fara tunani shi ne ƙarin ɗaki. Yaro ya isa aure, ko 'yan'uwa sun taso daga ƙauye saboda rashin tsaro sun sauka wurinmu. Sai a kira magini, a yi lissafin bulo da siminti da rodi da kwano, amma mai aikin wuta ba a tuna da shi sai an gama filasta. To, a yawancin gidajenmu wayar da ke shigowa daga falwaya tana ratsa tsakar gida ne, daidai filin da za a yi sabon ɗakin.

Mun ga abin da wannan ya jawo a gidan wani ɗan'uwanmu. Gini ya tashi har ya kai ga wayar, sai aka samo sanda aka tokare ta sama, aka ci gaba da aiki. Bayan an yi rufi, iska ta yi ta goga wayar a bakin kwano har robar ta yanke. Dukan rufin ya ɗauki wuta, ba wanda ya sani. 'Yarsa ta je shanya a igiyar ƙarfe da aka ɗaura a jikin rufin, wutar ta jefar da ita. Ta rayu, amma har yau akwai tabo a tafin hannunta.

Don haka aikin farko, tun ba a haƙa harsashi ba, shi ne mai gida da magini da mai aikin wuta su tsaya tare su ɗaga kai su duba sama. Daga falwaya zuwa mita, ikon kamfanin wuta ne. Har yanzu muna cewa NEPA, ko da yake an sauya ta zuwa PHCN tun 2005, kuma a yau Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. In za a gusar da waya ko mita, ofishinsu za a rubuta wa, a riƙe kwafin takardar. Wanda ya sa yaron unguwa ya cire mita ya maƙala ta wani wuri, ko da zuciya ɗaya ya yi, ana iya ɗaukarsa a matsayin mai satar wuta, a yanke masa, a ci shi tara. Mu kuma kun sani, ba mu da yawa a garuruwan nan, abin da ɗayanmu ya yi da sunan dukanmu ake faɗinsa. Shawararmu ita ce a nemi su mayar da mitar can katangar waje kusa da ƙofa sau ɗaya, inda wani gini na gaba ba zai sāke taɓa ta ba.

Idan kuwa babbar waya ce mai kilobolt 11 ta bi ta gefen gida, ƙa'ida ta ce a bar mita 5.5 ta kowane ɓangare ba gini. Irin wannan ba sai an taɓa ta ba, rodi mai tsawo ya matso kusa kawai ya isa.

Yanzu ga inda muke so ku kasa kunne sosai. A wurinmu haɗarin ya fi yawa ne saboda wutar ba ta cika zuwa ba. Wutarmu daga Kainji take tasowa, ta biyo Birnin Kebbi, ta zo Sakkwato, sa'an nan a miƙo mana abin da ya samu. A watan Satumba na 2023 gobara ta kama tashar Birnin Kebbi, jihohi uku suka shiga duhu. Ko ba gobara ma, akan kwana biyu ko uku ba a ga ƙyallinta ba. Sai lebura ya saba, ya riƙa kama waya da hannu yana cewa ai babu wuta. Wuta kuwa ba ta yin sallama in za ta dawo. Kowace waya a ɗauke ta tana da rai har sai an kashe ta daga allo, an cire fis an sa a aljihu, an kuma gwada da abin gwaji.

Masu sola da inbata, ku ma wannan ya shafe ku. Za a iya kashe wutar kamfani amma batir na nan yana ba soket wuta. Haka janareta. Wanda ya cusa wayar injinsa cikin soket ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa na iya komawa waje ta bi falwaya, taransifoma ta ƙara mata ƙarfi, ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara a wata unguwa. Injin kuma kada a ajiye shi cikin sabon ɗakin don gudun ɓarayi, musamman in mai gadi na kwana ciki. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

To, yaya tsohon sashe zai ci gaba da samun wuta? Iyayenmu mata masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da masu ajiye maganin ciwon sukari a firij, ba za su iya jiran wata biyu ba. Dabarar mai sauƙi ce: kada a taɓa wayoyin tsohon sashe. A kafa wa masu aiki ɗan allo nasu dabam daga babban allon gida, a wuri mai inuwa da ruwa ba ya kaiwa, da makunninsa mai katse wuta da kansa in ta fara bin jikin mutum, irin mai miliamfiya 30. Wayarsu ta bi sama ko jikin bango, ba ta ƙasa inda baro ke takawa da inda ake kwaɓa siminti ba. Mai walda kuwa ya zo da injinsa. In ya ja daga soket ɗin ɗaki, wayar za ta yi zafi, firij da talabijin su sha wahala.

A sabon sashen, a binne bututu kafin filasta. Fitilu da fanka waya mai kauri 1.5 ta ishe su, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwa 4 ko fiye, kowanne da layinsa. Kada a yi arha a nan. Zafin bazara a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka, waya mai siririn tagulla ba ta jurewa. A lura kuma da launi: tsofaffin gidaje ja da baƙi ne, sababbin wayoyi ruwan ƙasa da shuɗi, wajen haɗa su ne ake yin kuskure. Sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle, a sa ta inda ke da laima, domin busasshen yashi ba ya yi mata amfani. Ku tambayi mai aikin ko yana da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu wannan sana'a. Ba rashin kunya ba ne a tambaya.

Ranar haɗa sabo da tsoho, rana ɗaya ce kawai gidan zai rasa wuta, wataƙila ma wuni bai cika ba. A sanar da matan gida tun jiya don su shirya ƙanƙararsu, a fara da safe, a gwada layukan ɗaya bayan ɗaya. Masu mitar kati, a gwada ɗan akwatin da ake danna lambobi kafin mai aikin ya tafi, domin wasu ta cikin wayar gida suke magana da mita, in an sauya layi sai su ƙi karɓar kati.

Mun ga hannun Baba a sama tun ɗazu, bari mu tsaya nan mu ji tambayoyi.